Jar Kanwar da Ba Kanwa Ba

Abubuwa da yawa sun same ni a ƙuruciya waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma daminar da ƙoramar ƙauyenmu ta yi ja, wannan kam ba za ta fita daga raina ba har ranar da za a mai da ni ƙasa. Shekaru sun ja, furfura ta cika mini kai, mutanen da abin ya shafa kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na ga mace ta jefa kanwa a miyar yakuwa, miyar ta taso da kumfa, sai daminar nan ta dawo mini kamar jiya aka yi ta.

Ƙauyenmu yana cikin duwatsun Muniyo, tafiyar rabin yini a kan jaki daga Gure. A bayan gari akwai wata ƴar ƙorama da muke kira Ƴar Sanyi. Ba wani babban ruwa ba ne, yaro ma in ya ja da baya ya rugo yana tsallake ta. Daga ƙarƙashin wani dutse take fitowa, ta gangara cikin kwari, ta yi ƴar tafiya, sannan rairayi ya shanye ta. Amma iyakar inda ta bi, itatuwa ne suka rufe ta: goruba, dabino, ɓaure, kanya, da wata tsohuwar tsamiya da reshenta ke taɓa ruwa. Wanda ya fito daga cikin zafin rairayin ƙasarmu ya shiga wannan inuwa, sai ya ɗauka wata ƙasa ya shiga. Kwaɗi na kuka, ƙananan kifaye na wulgawa tsakanin saiwoyi, ruwan kuma garau, kana ganin tsakuwar da ke ƙasa.

Ita ce ta cece mu a babban farin nan na farkon shekarun saba'in. Ta ƙanƙance har ta koma kamar zare, amma ba ta ƙafe ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, yana da shanu fiye da talatin kafin farin. Biyar suka rage masa. Su ma da ƙyar, don na ga lokacin da yake hawa ɓauren bakin ƙorama yana saro musu ganye, na ga lokacin da ake sa itace ƙarƙashin cikinsu ana ɗaga su saboda ba sa iya tashi da kansu. A cikinsu akwai wata jar saniya mai karyayyen ƙaho da ya sa wa suna Mai Rabo, don sau biyu ana kawo wuƙa za a yanka ta tana miƙewa. Waɗannan biyar su ne duk abin da kawu ya mallaka a duniya, kuma a kansu yake shirin sake tayar da garke.

Ni kuwa lokacin ina kolej a Gure, shekarata ta uku. Yaro ne ni marar magana. In babba ya dube ni, sai harshena ya yi nauyi, in rasa inda zan sa idona. Abin da na iya shi ne rubutu. Ina da wani kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango da nake rubuta duk abin da na lura da shi: ranar da aka yi ruwan farko, ranar da gero ya fara fitar da kai, irin tsuntsun da na gani. Kowane shafi sai na sa kwanan wata a sama, in ja masa layi a ƙarƙashi. Saboda haka mutanen ƙauye suka laƙaba mini Mushe, kamar yadda muke kiran malaman lakwal, wato makarantar boko. Rabi tsokana ce, rabi kuma alfahari.

A tsakiyar farin wasu baƙi suka zo da motoci biyu, Nasara biyu da ma'aikatansu, suka ce wani dutse mai daraja suke nema. Suka haƙa babban rami a saman tudu, daidai bisa inda Ƴar Sanyi take ɓuɓɓugowa, suka tara tsibin baƙaƙen duwatsu masu ƙyalli kamar an barbaɗa musu garin tagulla. Bayan ƴan watanni suka ce abin bai kai yadda suke so ba, suka naɗe tantinsu suka tafi. Ba su cike ramin ba, mu ma ba wanda ya ga dalilin cikewa. Ba a ruwan sama a lokacin, saboda haka tsibin ya zauna shiru kamar kowane dutse.

Sai damina ta dawo da ƙarfinta. Da aka ba mu hutun ƙarshen shekara na iso gida, ko kayana ban gama ajiyewa ba na nufi ƙorama, don nan nake zama in yi karatu. Tun daga nesa na ji wani abu ya sauya, amma sai da na isa na gane ko mene ne: shiru. Ba kukan kwaɗo ko ɗaya, alhali tsakiyar damina ce. Ruwan na gudu sosai, sai dai duk duwatsun cikinsa sun yi ja kamar tsohuwar garma da aka manta a gona. Wani jan laka mai santsi ya lulluɓe saiwoyin ɓaure. A gefe da gefe, inda rana ta busar, wani farin abu mai ratsin ja ya fito a kan ƙasa. Na duba inda kifaye ke taruwa, ban ga ko guda ba. Na rubuta duk wannan a kayena, na sa kwanan wata.

Na koma gida ina zaton zan tarar da mutane cikin damuwa. Sai na tarar da murna. Kawu ya tare ni da fara'a, ya ce, “Mushe, ka ga abin da Allah ya yi mana? Jar kanwa har bayan gida! Bana ba mu ba tafiya neman kanwa.”

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba zai yi mamakin wannan kuskure, amma mu a wajenmu ba abin mamaki ba ne. Ƙasar kanwa ce. Kowa ya san yadda take fitowa fari fat a bakin tafkunan kwari in ruwa ya ja baya, kowa kuma ya san jar kanwa ta fi daraja ga dabba. Duk makiyayi yana kai dabbobinsa shan kanwa da damina don ta kashe musu tsutsar ciki, ta buɗe musu ci. Ga farin abu a bakin ruwa, ga ja a cikinsa, me kuma ake nema? Wasu sun ɗanɗana, sun ce tana da bauri, tana kama harshe. Sai dattawa suka ce ai kowane kwari da ɗanɗanon kanwarsa, wannan sabuwa ce, ba ta gama nuna ba. Yanzu da na girma na gane cewa mutanen da suka yi shekaru suna binne dabbobinsu, ransu yana ƙishin labari mai daɗi. Da suka ga abin da ya yi kama da alheri, ba su so su tsananta bincike ba.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, saboda na san tafkunan kanwa ba sa yin shiru haka. Bayan kwana biyu ina zaune a tsakar gida, kakata, mahaifiyar kawu, tana miyar yakuwa. Ta ɗauko ɗan guntun kanwa ta jefa don ta kashe tsamin, miyar ta yi fuu ta taso. Nan take na tuna mushenmu na kimiyya, wani mutumin yamma da aka turo Gure aiki. Lakwal ɗinmu ba ta da kayan gwaji, sai ya jiƙa soɓo, wato zoɓo, a kwalba ya nuna mana: in ka ɗiga masa abu mai tsami kamar lemo, jansa sai ya ƙara haske, in ka ɗiga masa ruwan kanwa ko na toka, sai ya yi duhu ya koma wajen kore. Ya ce mana tsami da kanwa abokan gaba ne, duk inda suka haɗu sai sun yi faɗa, kumfar nan ita ce faɗan.

Na roƙi kaka ɗan busasshen soɓo da guntun kanwa, na ɗebo ruwan ƙorama a kwalba, na lallaɓa bayan rumbu. Na jera ƙananan ƙwarya uku da jiƙon soɓo. Ta farko na zuba mata ruwan kanwar kaka, ta yi duhu nan da nan. Ta biyu na zuba ruwan rijiya, ba abin da ya sauya. Ta uku na zuba ruwan Ƴar Sanyi, sai ta yi ja zur, ja mai haske kamar jinin da aka yanka yanzu. Na jefa guntun kanwa cikin kwalbar ruwan ƙoramar. Sai ya kama tsuwa yana kumfa, wani jan laka ya kwanta a gindin kwalbar. Kanwa ba ta faɗa da kanwa. Abin da ke cikin ƙoramarmu tsami ne, tsami mai ƙarfi. Na sake gwadawa har sau uku, don ni ba na yarda da abu sau ɗaya, na rubuta kome dalla dalla.

Ina cikin haka kaka ta leƙo. Tsakanina da ita wasa ne, maigida take ce mini. Ta ce, “To, maigida, lakwal ɗin ce ta ƙare ka koma boka? In maganin farin jini kake haɗawa, ka sani ni ba inda za ni, sai dai amaryar ta zo ta same ni.”

Na yi murmushi na rufe ƙwaryar da kayena, na ce, “Aikin lakwal ne, kaka.”

Ta ce, “Aikin lakwal da soɓona? To a biya ni da sakamako mai kyau.” Ta koma bakin murhu tana dariya. Wannan ita ce ƙofa ta farko da Allah ya buɗe mini, na rufe ta da hannuna. Ban san abin da ya hana ni faɗa mata ba. Ina jin na ɗauka maganar shanu ta maza ce, kuma abin da ya fito daga lakwal sai wanda ya yi lakwal.

Washegari bayan la'asar na sa kayen cikin riga na nufi gindin gawon da dattawa ke zama. Duk hanya ina maimaita abin da zan ce. Na tarar kawu na gaya musu cewa jibi zai fara kai shanunsa shan kanwa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ce, “Mushe, lafiya? Me ke tafe da kai?”

Kafin in buɗe baki, wani abokinsa, mai tsokana ne ƙwarai, ya ce, “Ƙyale shi, ya zo ne ya koya wa Mai Rabo Faransanci. Ka ga in ta haihu ɗan maraƙin sai ya zama kumandan.”

Aka fashe da dariya. Na sunkuyar da kai na ce, a hankali, “Kawu, ruwan nan... tsami gare shi.”

Abokin ya ce, “Tsami? Ashe har ka fara shan rabon shanu! To ka ji, ku ƴan lakwal harshenku ya saba da sukari, kome kuka lasa sai ku ce da tsami.”

Kawu bai yi dariya sosai ba. Ya dube ni da tausasawa, ya ce, “Ɗana, kanwa ba a sanin ta a littafi. Ni tun ban kai ka ba nake shayar da ita. Ko akwai wani abu?”

Kayen yana manne da cikina, ina jin bangonsa yana caka ta. Idanu kusan goma na kaina. Na ce, “Babu, kawu. Dama gaisuwa na zo.” Na tashi na tafi.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ba ni haushin kaina. Maimakon in jira kawu ya dawo gida in same shi shi kaɗai, sai na gaya wa raina wai ban tabbata ba tukuna, wai wane ni in ƙaryata dattawa da ƙwarya uku. Na zauna na rubuta wa mushenmu wasiƙa, alhali na san ya tafi hutu garinsu can yamma. Sau uku ina sake ta don kada a sami kuskuren Faransanci ko ɗaya. Na ba wani mai zuwa kasuwar Gure ya kai gidan waya. Sai na ji sanyi a raina, kamar na sauke nauyi. Ban sauke kome ba. Na dai sami wurin ɓuya ne a bayan takarda.

Ranar da aka fara, ni na taya kawu kora shanun. Suka isa bakin ruwa, suka sunsuna, suka ja da baya. Mai Rabo ta yi huci ta juya za ta nufi tafkin ruwan sama da ke can gefen gona. Dabba ma ta gane. Amma wannan ma al'ada ta riga ta ba da amsarsa, don shanu sukan ƙi ruwan kanwa mai ƙarfi da farko, sai a hana su ruwa su ji ƙishi. Kawu ya mai da su gida ya ɗaure, yini guda da rabi ba su ga ruwa ba. Da muka dawo da su, suka kafa kai suka sha. Ni ne na riƙe igiyar Mai Rabo, na ja ta da hannuna har bakin ruwan. Ina iya tuna yadda ta ɗago kai, jan laka na ɗiga daga bakinta.

A kwana na uku suka fara zawo. Kawu ya ji daɗi, don haka kanwa take yi. “Ka gani? Tana wanke musu ciki. Bari ka ga yadda za su yi ƙiba kafin kaka,” in ji shi. Makiyaya biyu na ƙauyen suka ga haka, su ma suka kawo tumakinsu. Duk alamar da ya kamata ta tsorata mu, sai ta zama shaidar cewa magani na aiki.

A kwana na biyar, muna dawowa daga ƙorama mu biyu kaɗai, shanun na gabanmu suna tafiya da ƙyar, kawu ya tsaya ya gyara sandarsa a kafaɗa. Bai dube ni ba, ya ce, “Ran nan a gindin gawo, kamar akwai magana a bakinka. Mutanen nan ba su bar ka ka faɗa ba.”

Ba kowa a wurin. Ba mai yi mini dariya. Amma yanzu wani sabon tsoro ya hau kan na da: in na faɗa, zai ce me ya sa na yi shiru kwana biyar ina jan igiya? Na ce, “Ba kome, kawu.” Ya ce, “To, madalla.” Muka ci gaba da tafiya. A duk maganganun da na yi a rayuwata, ba wadda nake so in janye kamar wannan.

Bayan mako guda abin ya fito fili. Zawon bai tsaya ba, ya koma baƙi. Shanun suka daina tuƙa, bakinsu ya yi gyambo, idanunsu suka faɗa, ga ciyawa kore shar ko'ina amma ba sa ci. Kawu ya daina kai su ƙorama, ya koma ba su jiƙe-jiƙen da ya sani, amma ruwan ya riga ya yi aikinsa. Mai Rabo ta zubar da cikin da kawu ke ƙirga watanninsa. Da hantsin wata Laraba ta kwanta, aka kawo itace kamar lokacin fari za a ɗaga ta, ta ƙi tashi. Wannan karon da aka kawo wuƙa ba ta miƙe ba. Da aka feɗe ta, hantar ta yi baƙi, hanjin duk ya ƙuje, ba wanda ya yarda ya ci naman. Biyu suka bi ta cikin kwana huɗu. Kawu bai yi kuka ba. Ya dai zauna a turken yana juya igiyoyin da ba kowa a cikinsu.

Mai gari ya aika Gure, likitan dabbobi ya zo a kan doki. Ya duba biyun da suka rage, ya je ya ga ƙorama, ya hau tudu ya ga ramin cike da wani ruwa ja yana tsiyaya ta cikin tsibin duwatsu. Ya dawo gindin gawo ya yi bayani: duwatsun nan akwai farar wuta da ƙarfe a jikinsu. Muddin suna binne ba su da illa, amma in aka tono su iska da ruwan sama suka same su, sai su riƙa fitar da wani tsami ɗan'uwan ruwan batirin mota. Ya tambaya yaushe ruwan ya fara sauyawa. Aka yi ta gardama, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Sai abokin kawu, ba da tsokana ba wannan karon, ya ce, “A tambayi Mushe, shi kome rubutawa yake.”

Na kawo kayen. Likitan ya buɗe yana karantawa, yana gyaɗa kai, har ya iso shafin soɓo. Ya ce, “Kai, wannan yaro ya yi aiki! Ai shi ya gano abin tun kafin ni.” Yana nufin yabo ne. Sai ya karanta kwanan watan da ke saman shafin da ƙarfi, wanda na ja wa layi da kyau, ya fassara musu da lissafin watanmu. Kowa ya iya ƙirgawa: kwana uku ne kafin kawu ya fara kai shanunsa ruwan.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira mari, na jira zagi, da ma su na samu da ya fi mini sauƙi. Kawu ya dube ni, ya ce, “Ashe ka sani.”

Na ce, “Na ji kunya ne, kawu. Na ga ku manya ne.”

Ya ce, “Ba sai ka yi gardama da mu ba. Da ka kawo ƙwaryar nan ka zuba a gabanmu. Ba mu yi lakwal ba, amma muna da ido.”

Da labari ya kai wa kaka, ta kira ni, ba maigida a bakinta ranar. Ta sa na sake yin gwajin a gabanta. Tana ganin kanwa na kumfa a ruwan ta dafe ƙirji, ta ce, “Wannan ne aikin lakwal ɗin? Wannan ai aikin murhu ne! Wace mace ce ba ta san abin da ke sa kanwa kumfa ba? Da ka ce mini uffan, da a ƙofar turke zan kwanta, sai dai ya tsallake uwarsa ya kai su.” Ta ɗauki kwalbar da guntun kanwa ta nufi rijiya inda mata ke ɗibar ruwa. Abin da na kasa faɗa cikin mako uku, ta gama shi kafin a cika tulu guda. Kafin rana ta faɗi an sare ƙaya an shinge bakin ƙoramar tun daga sama har ƙasa.

Da aka koma lakwal, mushenmu ya kira ni, wasiƙata na hannunsa, ta same shi a makare. Ya ce Faransancina ba kuskure ko ɗaya. Sannan ya ce, “Amma me ya sa ka rubuto wa mutumin da ke nesa, ka bar mai shanun da kuke cin tuwo a akushi ɗaya?”

Shanu biyun sun rayu, amma ɗaya ba ta ƙara haihuwa ba. Garken da kawu ya yi fatan tayarwa bai tashi ba. Ya koma kiwon dabbobin wasu, mutumin da a da ake zuwa aron sa a wajensa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa, bai kuma cire ni daga lakwal ba ko da yake wasu sun ba shi shawara. Ya ci gaba da ce mini Mushe har ya rasu. Mutanen gari sun yi gayya sun tura duwatsun cikin ramin sun rufe da laka, kamar yadda likitan ya ce, amma Ƴar Sanyi ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Ɓauren da ya ciyar da shanunmu a fari shi ya fara bushewa, tsamiyar ta bi shi. Zuwana na ƙarshe na ji kwaɗo ɗaya ko biyu suna kuka a can ƙasa, jan nan kuwa yana kan duwatsu har yanzu.

Ban ce ni na haƙa ramin ba, ban kuma ce kawu ba shi da nasa kuskuren ba. Na san kome da ƙaddararsa. Amma na san abin da yake hannuna a lokacin, kuma na san ban miƙa shi ba. An koya mana kunya, kuma abu ne mai kyau, ni ma na koya wa ƴaƴana. Sai dai na gane akwai kunyar da girmama manya ce, akwai kuma wadda tsoron dariya ce kawai ta sa rigar ladabi. Tawa ta biyun ce. Na fifita kada a yi mini dariyar minti ɗaya a kan abin da kawuna ya yi shekara uku yana kare shi da ransa.

Daga baya na zama mushen gaske, na koyar shekaru masu yawa. A kowane aji ina neman yaron nan ko yarinyar nan da ke zaune can baya, mai tsabtar rubutu, wanda ya san amsa amma ba ya ɗaga hannu. Nakan sa shi ya fito gaba ya zuba ruwan kanwa a soɓo da hannunsa, ya gaya wa ƴan'uwansa abin da ya gani da bakinsa, ko da muryarsa na rawa. Kayen nan mai baƙin bango yana nan a akwatina. Duk abin da ke shafin nan daidai ne, ba kuskure ko na ɗigo, kuma bai ceci ko saniya ɗaya ba. Abin da wannan damina ta koya mini ke nan: in ka san abin da zai cuci wani, ba ka gama saninsa ba sai ya shiga kunnen mai shi. In bakinka ya ƙi buɗuwa, ɗauki ƙwaryar ka kai gabansa ka zuba.